Maki Goma Sha Bakwai na Malama Ina-Shaida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 9 ga watan Yuli, ina tsaye a bakin aji biyu ina yi wa wasu yara faɗan makara, aka ce shugaban makaranta yana nemana. Na same shi a tsaye, tabarau a hannu, ya kasa kallona. Ya ce malamar adabi ta aji uku ta rasu a asibiti bayan jinyar kwana huɗu. Ke ce, Malama. Ke da muka rabu ranar Alhamis ba tare da na amsa sallamarki da kyau ba.

Shekara goma sha ɗaya teburinki yana fuskantar nawa a ofishin malamai, ni ina shugaban sashe, ke kina koya wa 'yan shekara goma sha uku da sha huɗu yadda ake rubuta sharhi a kan labari. Yara suna kiran ki Malama Ina-Shaida, domin ba wanda ya isa ya rubuta miki cewa labari ya yi daɗi, ko wane mugu ne, bai ɗora yatsa a kan layin da ya nuna haka ba. Ni kuma Jan Biro suke ce mini, suna zaton ban sani ba. Yau kowa yana cewa ke mutuniyar kirki ce, gaskiya ne kuma. Amma da zan rubuta haka kawai in ajiye alƙalami, na san abin da za ki sa mini a gefen takarda. Saboda haka zan kawo shaida.

Ranar farko ta kowace shekara ba kya buɗe littafi. Sai ki shiga aji fuska a ɗaure, ki ce wani ya ci gyaɗa a nan. Yara su yi ta rantsuwa, ke kuma ki durƙusa ki tsinto ɓawo a ƙarƙashin benci ki ɗaga. Daga nan ki rubuta kalma uku a allo: magana, shaida, bayani. Kin faɗi magana, kin kawo shaida, saura ki bayyana yadda ɓawon ya kama wanda ke zaune a wurin. Wata shekara wani yaro ya ce ɓawon ya sha ƙura, na jiya ne, ba su ne suka ci ba. Kika sa ajin duka ya tafa masa, kika ce shi ne ya fara yin sharhi a bana. Ni da nake leƙe ta taga na ce a raina wannan wasan yara ne. Sai da na yi shekaru kafin na lura cewa ɗalibanki kaɗai ne ba sa zuwa mini da haddar sharhin wani.

Kin san ciwon yara a wannan darasi. Ka ce su yi sharhi, sai su sake ba ka labarin tun daga farko har ƙarshe, shafi uku cif, su zauna suna jiran yabo. Ni nakan ja musu layi ɗaya daga sama har ƙasa. Ke kuwa da fensir kike rubutawa: “Ni ma na karanta labarin. Kai me ka gani?” Littafi hamsin da huɗu kike cusawa a jakar cefane ki tafi da su gida, ki dawo da kowanne da tambayarsa a ƙarshen shafi, kuma ba tambaya biyu iri ɗaya. Ina tsokanar ki cewa fensir makamin masu tsoron yara ne. Kikan ce a'a, Malam, makamin wanda ya san shi ma yana kuskure ne.

Shekarar da mai ɗakina ta kwanta asibiti, wata guda kina ɗaukar darussana a kan naki, ba wanda ya roƙe ki. Da na dawo na buɗe littattafan ɗalibaina, sai na ga duk an duba su da jan biro, har da irin ƙaton layin da nake ja. Kika ce kin ari hannuna ne don kada yaran su sangarce kafin in dawo. Ranar ce na fara yin dariya tun da aka kwantar da ita, kuma ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba.

Yanzu sai abin da ya fi yi mini nauyi. A jarrabawar ƙarshe ta aji uku ta bana an tambayi yara a kan wani gajeren labari: direba ne ya hana ɗansa koyon tuƙi, yana ɓoye makulli, har ya tura shi koyon aikin kafinta. Takardar jagorar ba da maki, wadda ni na rubuta shekara tara da suka wuce, ta ce uban azzalumi ne mai son kansa. Yara hamsin da uku suka rubuta haka. Yarinya ɗaya, 'yar wata mai ɗinki, ta rubuta cewa uban ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Kika ba ta goma sha bakwai cikin ashirin. Takarda ta zo teburina don in sa hannu, kamar yadda dokar makaranta ta tanada, na soke makinki na rubuta huɗu.

Ba ƙaramin abu ba ne, kuma na sani. Yarinyar ta yi rauni a lissafi. Da goma sha bakwai za ta wuce aji huɗu, da huɗu kuwa sai ta maimaita aji. Mahaifiyarta ta riga ta faɗa a gabanmu cewa idan aka ce maimaici, to karatu ya ƙare, ta zo ta zauna a kan keken ɗinki. Kika zo kika tsaya a gaban teburina, ba ki ɗaga murya ba.

Kika ce, “Malam, ba alfarma nake nema mata ba. Ka ajiye jagorar nan, ka sake karanta labarin da kanka. Shafi shida ne kawai.”

Na ce, “Malama, ina koyar da labarin nan tun kina ɗaliba.”

Kika ce, “Shi ya sa na ce ka sake karantawa.”

Maganar ta sosa ni, domin a gaban ƙananan malamai kika faɗe ta. Mako biyu takardar tana cikin aljihun teburina, ban sa hannu a kan naki ba, ban kuma miƙa nawa ba. Kullum da safe ki gaishe ni, in amsa a taƙaice. Ranar Alhamis ɗin nan kin tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, kika ce kanki yana ciwo, sai Allah ya kai mu Litinin. Na ce to, ban ɗago ba. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har ya rufe mini ido. Ina jin kunyar wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ranar Litinin bayan rasuwarki maigidanki ya kawo jakar cefanen nan ofis, ya ce kayan makaranta ne. A saman littattafan yara akwai naki kwafin labarin, gefensa duk ya lanƙwashe, da guntayen takarda uku a soke a ciki. Ya ce a asibiti kin ce idan an samu mai zuwa makaranta a kai wa Malam. Babu wasiƙa, babu ƙorafi. A bangon ciki kawai kin rubuta da fensir: “Malam, kai me ka gani?”

Na rufe ƙofa na zauna na karanta, karo na farko cikin shekara tara ba tare da jagora a gefena ba. Guntuwar takarda ta farko tana wurin da hannun uban ya yi rawa da ya ji ƙarar birki a titi, har shayinsa ya zube. Ta biyu tana wurin da yaron ya ga takalmin ƙaramin yaro, ƙafa ɗaya, a ƙasan akwatin ubansa, ba a kuma sake ambaton sa ba. Ta uku tana wurin da uban yake tsayawa a ƙofar gida kullum da yamma, ba ya fara faɗa sai ya ga ɗan ya shigo lafiya. Su ne shaidu ukun da yarinyar ta kawo, kowace da bayaninta. Sau nawa na wuce ta kan takalmin nan ban tsaya ba? Na ci gaba, sai ga wani abu a shafi na biyar wanda ke ba ki sa masa alama ba, ita ma ba ta ambata ba: uban ba ya taɓa bin hanyar makarantar firamare da motarsa, ko da kuwa ita ce mafi kusa.

Ranar Alhamis, ana gobe za a rufe karɓar sakamako, na soke huɗun na mayar da goma sha bakwai, na sa hannu. Na aika aka kira yarinyar. Ta shigo ta tsaya nesa da tebur, idonta yana kan kujerarki. Na faɗa mata makinta, na ce ta wuce aji huɗu. Na zaci za ta yi murna. Sai ta ce, “Malam, don ta rasu ne?”

Ban yi fushi ba, tambaya ce mai kyau. Na ce a'a. Na buɗe littafinki a shafi na biyar, na ɗora yatsa a kan layin, na ce ta karanta. Ta karanta sau biyu, leɓenta yana motsi. Ta ɗago, hawaye yana zuba, ta ce a hankali, “Saura bayani, Malam.”

Na jawo mata kujerarki ta zauna, na fara yi mata bayanin yadda takalmin da hanyar makarantar suka nuna cewa mota ta taɓa halaka wani yaro a can, shi ne tushen tsoron uban. Na kai rabi, ita ta ƙarasa.

To ga shaidata, Malama, ta zo a makare, amma ga ta. Na yage tsohuwar jagorar. Jakar tana nan a gefen teburina, saura littafi goma sha tara da ba ki samu dubawa ba, ina bin su ɗaya bayan ɗaya da guntun fensirinki. Hannuna bai saba ba, tambayoyina kuma ba su kai naki ba, amma yaran suna amsawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, wadda ta ce tun kina ƙarama ba a gama miki labari ba ki tambayi dalili ba. Ga maigidanki, wanda ya yi shekaru yana raba teburin cin abincinsa da littattafan 'ya'yan mutane. Ga 'ya'yanki biyu, da 'yan'uwanki, da 'yan aji uku da har yanzu suke juyowa idan an taɓa ƙofa. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ta bari.

Allah ya jiƙan ki, Malama, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa abin da kika koyar ya zama ladan da ba ya yankewa. Ban samu na roƙe ki gafara kina raye ba, ina roƙon Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ranar da za a nemi shaida a kanki, Allah ya sa tamu ta amfane ki. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.