Tajuddeen Mai Keken Karnuka

Kowace safiya, in ya dawo daga masallaci, Malam Tajuddeen yakan hau benen da ke saman shagon abincin da ake kira mamak a unguwar Sri Petaling, nan ƙasar waje da muke zaune, ya buɗe wani ɗaki mai taga ɗaya. Ba komai a ɗakin sai kayan sanyi: manyan riguna arba'in da 'yan kai, takalma masu gashi a ciki, safar hannu, huluna masu rufe kunne. Garin nan danshi gare shi, kwana uku ka bar fata sai ta yi funfuna. Don haka ɗaya bayan ɗaya yake sauke su, ya goge, ya shanya a gaban fanka, ya mayar. Gumi na ɗiga daga gemunsa, shi kuwa yana rungume da rigar da aka ɗinka don ƙasar da ruwa ke zama dutse.

Ɗalibanmu da ke karyawa a ƙasa sukan ɗaga murya, "Oga Taju, sauko mu makan lah!"

Ya leƙo ta taga ya ce, "Ku ci, 'ya'yana ba su yi wanka ba tukuna."

Shekara goma sha shida ke nan yana haka. Karatu ya kawo shi ƙasar nan, ya gama, ya zauna. Aikinsa shi ne, in hutun ƙarshen shekara ya zo, ya kwashi mutanenmu da iyalansu, da 'yan ƙasa masu sha'awa, ya kai su duwatsun Kazakistan su ga ƙanƙara da idonsu, su hau keken da karnuka ke ja. Keken ba shi da taya. Katako biyu ne dogaye suke sulɓi a kan ƙanƙara, karnuka takwas a gaba, mutum ɗaya a zaune, matuƙi a tsaye a baya ƙafarsa a kan birki. Tajuddeen ya koyi tuƙin da kansa, don ya ce ba zai ɗora mutum a kan abin da bai san birkinsa ba.

Wata mai zuwa zai koma Gusau, mahaifiyarsa ta tsufa. Shugabannin ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna ƙasar nan suka ce duk wanda ya san wani abu a kansa ya rubuta. Ni Abdulwahidu, shekara arba'in na yi ina jan tirela, karatuna bai yi nisa ba, kuma yabon mutum ba ɗabi'ata ba ce. Wannan zan yaba.

Ba ya ɗaukar kowa sai ya zo ɗakin nan ya gwada takalmi, ya kuma amsa tambayoyinsa. Ku tambayi Hajiya Larai ta Sentul. 'Yarta Surayya na da sikila, ta ɓoye, don yarinyar ta ƙwallafa rai a kan tafiyar. Tajuddeen ya dubi idon yarinyar, ya dubi uwar, ya sake tambaya. Da ta faɗi gaskiya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Sanyin can da tsayin dutsen can ba sa wasa da wannan jinin. Ba zan kai ta ba." Ta faɗa masa maganganu, ta kai ƙararsa zauren mata. Da ta je asibiti likita ya maimaita mata maganarsa. Ita da bakinta take ba da labarin yanzu.

'Yan ƙasar nan, in kare ya lashe su, sai sun wanke wurin sau bakwai, ɗaya da ƙasa. A can kuwa ina za ka ga ƙasa? Duk tana ƙarƙashin ƙanƙara. Sai ya riƙa tafiya musu da sabulun yumɓu a jakarsa. Mu kuma ya san malamanmu sun koya mana ba a shafa a kan safar zare, sai ya sa aka ɗinko huffi na fata, kowa da nasa. Ka yi alwala a masauki da ruwan ɗumi, ka sa huffinka, in ta karye a dutse ka shafa a kai. Ba wanda ya sa shi. Shi ya zauna ya yi tunanin sallarmu kafin mu yi.

Yanzu nawa labarin.

Shekara uku da suka wuce ɗana Zulkiflu, wanda nake zaune a wurinsa, yake kuma koyarwa a jami'ar da ke Jalan Semarak, ya matsa sai na bi su. Na je ɗakin nan na gwada takalmi. Tajuddeen ya miƙo mini huffi hannu biyu, ya yi bayani. Na ce, "Shekara saba'in ina wanke ƙafata. Ba mai yawo da karnuka ne zai koya mini alwala ba." A gaban mutane na faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarku, Baba. Ku dai riƙe shi." Na karɓa na jefa a akwati, can ya zauna har muka je muka dawo.

Ranar hawan keken mun isa sansanin karnukan da azahar. Bukka ɗaya ce ta katako, da murhu a ciki, da banɗaki ɗaya, mutane sun yi layi. Ban iya jira ba. Na ɗauki butata na zaga bayan bukkar, na cire takalmi da safa, na yi alwala cikakkiya, na tsettsefe yatsu kamar yadda na saba. Ban taɓa goge ruwan alwala da tawul ba, ranar ma ban goge ba. Na zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safa, na yi sallata, aka kira mu. Ba wanda ya gan ni.

Tajuddeen ya ce shi zai tuƙa nawa keken. Karnukan na ta haushi suna tsalle, yana sakin birki suka yi tsit, suka miƙa. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Itatuwa fari fat, dutse fari fat, ba ka jin komai sai numfashin karnuka. Ni da na raina su, na ga dabbobin da suka san aikinsu, na gaba na sauraron murya, na baya na ɗaukar nauyi.

Ƙafata kuwa kamar ana soka mini allurai. Namiji ba ya raki.

Can ya sunkuyo ya ce, "Baba, yaya ƙafa?"

Na ce, "Lafiya."

Muka ƙara tafiya, ya sake tambaya. Na ce, "Kai, ka dame ni. Ɗazu dai ta yi ciwo, yanzu ta daina. Alhamdu lillahi."

Ban rufe baki ba ya taka birki har na kusa kifawa. Ya kafa ƙugiya a ƙanƙara, ya zagayo gabana ya durƙusa.

"Ku motsa babban yatsa."

"Na motsa."

"Bai motsa ba, Baba."

Ya kwance takalmin bai nemi izini ba. Safar ta ƙandare kamar busasshiyar fata. Da ya zare ta na ga yatsuna, farare kamar kyandir. Ya taɓa, ban ji ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alwala kuka yi." Ba tambaya ba ce.

Keken Zulkiflu ya iso, ya diro a guje. "Innalillahi! Kawo in murza masa! Mu koma wajen murhu!"

Tajuddeen ya tare hannunsa. "Dokta, kada ka murza, naman zai lalace. Wuta kuma za ta ƙona shi bai sani ba. Bukka na da nisan rabin awa, yatsun nan ba za su jira ba. Tsaya ta nan ka tare mana iska."

Sai ya zuge rigarsa, ya ɗaga ta ciki, ya ɗaga ta can ciki, ya kama ƙafafuna biyu ya manna su a fatar cikinsa, ya rufe da riga ya rungume. Na ji jikinsa ya girgiza. Na ce, "Sakar mini ƙafa. Wannan wane irin abu ne?"

Ya ce, "In mun sauka ku yi mini duk faɗan da kuka ga dama. Yanzu dai ba zan saki ba."

Haka ya zauna a durƙushe a kan ƙanƙara, leɓensa na rawa, gemunsa ya yi fari. Karnukan suka kwanta suna kallonmu. Ban san tsawon lokacin ba. Da jinin ya fara dawowa na ji azabar da ban taɓa ji ba, har na yi ƙara a gaban ɗana. Tajuddeen ya yi dariya haƙoransa na kaɗawa, ya ce, "Yauwa Baba, ku ƙara! Ciwon nan shi muke nema." Ya cire busasshiyar safarsa ya sa mini, shi ya mayar da ƙafarsa takalmi haka nan, ya juya karnuka muka sauko.

Likitan garin ya duba ya ce da an ƙara rabin awa, sai an yanke yatsu huɗu, ko fiye. Farce biyu kawai na rasa, sun kuma fito. Tajuddeen ya kwana uku yana zazzaɓi, yana kuma fita da sauran mutane kullum.

Bai taɓa ba wa kowa labarin nan ba. Da aka tambaye shi me ya sami Alhaji, cewa ya yi takalmin ne bai yi daidai ba. Ya ɗauki laifina ya ɗora wa kayansa. Ni kuma na bar shi a haka. Shekara uku muna haɗuwa a sallar Juma'a, ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa, in wuce. Ban gode masa ba, ban nemi gafararsa ba.

Tajuddeen, kai ne wanda na wulaƙanta a gaban jama'a, ka rama da fatar cikinka. Kai ne ka rufa mini asiri alhali ni na tona wa kaina. Zakaran da bai yi cara ba, amma gari ya waye. Takalminka lafiyarsa ƙalau, kowa ya ji. Taurin kaina ne.

Ku matasa masu digiri biyu da uku, ku dube shi. Duk aikin da aka ba ku amanar mutane a cikinsa, ku san shi har ƙarshensa, ku kuma yi wa wanda ya zage ku kamar yadda za ku yi wa ubanku. Ku tsofaffi irina, in wanda ya san hanya ya yi magana, ku ji, ko da kun haife shi.

Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ka tarar da mahaifiyarka cikin ƙoshin lafiya, ya ba ka masu yi maka fiye da haka. Sau biyar a rana nake sunkuyawa in tsettsefe yatsun ƙafata, in same su goma cif. Ka yafe mini, Malam Tajuddeen. Na gode.