Agogon Auta a Shagon Yaya

Yayana ya shekara arba'in yana gyaran agogo a shagon da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Duk wanda ya makara, ko kwastoma ne, sai ya sha faɗa kafin a duba masa agogonsa. Ni ƙanwarsa ce, na fi kowa shan wannan faɗan.

Da autarsa ta samu aikin jinya a ƙasar waje, ta bar masa waya mai nuna lokaci biyu, namu da na can. Tun ranar farko suka saɓa da wayar. Wayar ta rubuta masa 14:00, kuma a wajen kwanan wata ta sa wata kafin rana.

"Agogon da ya kai sha biyu bai tsaya ba ya ci gaba da ƙirga, ai ba shi da tarbiyya," in ji shi.

Sai ya rataya wani tsohon agogon bango, ya saita shi da lokacin can, ya liƙa takarda ya rubuta Auta. Duk Lahadi, in sha biyu ta buga a jikinsa, Auta na samun hutun rabin awa, ta kira. Wannan kiran ne abincinsa na mako.

Wata Lahadi da safe na kai masa shayi na tarar yana hararar wayar. Lokacin can ya yi tsalle da awa guda, ba wanda ya taɓa.

"Kin gani ko? Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya."

"Yaya, ko dai ita ce da gaskiya?"

"Ke da waya duk jirgi ɗaya ya kwaso ku."

Ya kashe ta ya jefa a aljihun tebur, wai ta huta. Da na bango ya buga sha biyu ya kunna. Kira uku ya tarar, duk sun wuce da awa guda. Ya kira, ya sake kira, Auta ta riga ta koma ɗakin marasa lafiya.

Da yamma saƙon murya ya shigo. "Baba, a nan duk shekara sukan ja agogo gaba da awa ɗaya, wayar ta sani. Da na ji a kashe, wallahi na zaci wani abu ya same ka. Ko abinci ban iya ci ba."

Sau huɗu ya saurara. Na shirya baƙar maganata tsaf, amma da na ga idonsa sai tausayi ya kama ni, na haɗiye.

"Manyan mutane su zauna su ce rana ta yi kuskure," ya ce a hankali. "Riƙe min kujerar nan."

Ya hau, ya tura hannun agogon da yatsa.

Lahadin da ta biyo, tun tara a agogon Auta ya rufe rabin ƙofa ya zauna, waya a tafin hannu. Na ce ai da saura.

"Bar ni. In sun sake ja, su same ni a zaune."