Ba Modu da Ƙugiyar Talla

Shekarar da soja suka canja launin kuɗi, ita ce shekarar da Alhaji Grema ya ɗaura eriya a kan doguwar gora a unguwarmu ta bayan tasha a Nguru, ya riƙa fito da talabijin ƙofar gida bayan la'asar. Ku da kuka zauna a wannan majalisa kun san abokina Ba Modu, dillalin busasshen kifi. Labarai zai kalla da ido biyu. Amma da an sako talla sai ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, wai don rabin maganar kawai ta shige shi.

Zancensa kullum shi ne, "Duk inda ka ga koto, nemi ƙugiya."

Aka sako tallan sabulu, mace tana wanki tana dariya. Ya ce, "Kai jama'a! Wa ya taɓa ganin mai wanki tana dariya? Ku bar kallon sabulun, ku dubi bayanta. Ga fanka, ga kujeru, ga miji da mota. Cewa suke in ka sayi sabulun, motar na tafe."

Ya hana dunƙulen miya na kanti shiga gidansa, sai daddawa. Ran nan ya kira mu cin tuwo, yana ta santi: "Ku ji miyar da talla bai taɓa ba!" Sai matarsa Ya Kaka ta ce daga bayan labule, "Maigida, ai shekara biyu ke nan yana taɓa ta." Ya dubi lomar da ke hannunsa. Can ya ce, "Ashe ba banza ba nake mafarkin kantunan Kano." Ya kai loma baki, ya nemi ƙari.

Inda muka ɓata da shi a kan man zafi ne. A tallan, tsoho ne da sanda, ya shafa a gwiwa, sai ga shi yana buga ƙwallo da jikoki. Ni kuwa gwiwa ta dame ni wajen sujada, na saya. Ba Modu ya ji labari, ya tsayar da majalisa: "Ba magani suka sayar wa Malam Sale ba, ƙuruciya suka sayar masa. Tarwaɗa ta haɗiye ƙugiya!"

Wayyo, sunan ya bi ni. Mutum yana rubuta wa jama'a wasiƙa da ajami, ana girmama shi, sai ga shi ya koma Malam Tarwaɗa har a bakin mahauta. Wata biyu ban gaisa da shi ba sai sallama.

Rannan a sallar azahar ya tsaya kusa da ni a sahu. Muka yi ruku'u, sai wani ƙamshi ya doki hancina, ni kuwa ban shafa ba ranar. Da aka sallame na dube shi.

Ya ce a hankali, "Na Gashua ne, Malam."

Ashe mota ya hau takanas har Gashua ya sayo, don kada ɗan Nguru ya gan shi.

Na ce, "Wato na Gashua ba shi da ƙugiya?"

Ya ce, "Akwai. Gwiwar ce ba ta jin nasiha."

Ban faɗa wa kowa ba. Washegari da majalisa ta cika, shi da kansa ya naɗe wando, ga gwiwa tana sheƙi. Ya ce, "Jama'a, tarwaɗa biyu ne a tafkin nan, kuma ni ne babba. Ku mayar wa Malam Sale sunansa." Ya miƙo mini hannu, na kama, ana ta dariya.

Allah Ya jiƙan Ba Modu, Ya haskaka kabarinsa. Na yafe masa tun a ranar, Ubangiji Ya yafe mana baki ɗaya.