Na Rantse Ban Sa Mata Gishiri Ba

Edita, sallama gare ka da masu karatu. A ƙarshen shekarun tamanin ni mace ce mai jini a jika, ga ƴaƴa ƙanana, ga rumfar abinci a bakin tashar lori ta Yendi. Haifaffiyar zangon Salaga ce ni, aure ya kawo ni Yendi. Da safe wake da shinkafa nake sayarwa, da rana tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, kuma ba yabon kai ba, direbobin da ke lodin doya zuwa Bawku tsallake rumfunan wasu suke yi su zo tawa. Ina da baki, ina da ji da kai a kan girki. Duk wadda ta ce za ta koya mini miya, kallo ɗaya nake mata ta kama kanta.

A lokacin ne Mma, mahaifiyata, ta dawo wurina daga Salaga, ƙafafunta a kumbure, ƙeyarta na sara kullum. Na kai ta asibiti a nan Yendi. Ma'aikacin da ya auna ta mutumin Dagomba ne, Hausarsa ta kasuwa ce, layin marasa lafiya kuma har waje. Ya ce jininta ya hau, ya ba mu ƙwayoyi, sannan ya ɗaga mini yatsa ya ce gishiri babu, ya sake cewa gishiri babu. Ban tambaye shi komai ba. Me zan tambaya? Ni da nake kwana a gaban murhu ai ba a gaya mini abin da ake kira gishiri. Ina komawa gida na ware wa Mma tukunyarta daban, na ɗauke gwangwanin gishirin na kai rumfa don kada hannuna ya yi mantuwa.

Sai Mma ta ƙi ci. Mace ce da ta tsufa da ɗanɗano a bakinta, miya lami ba ta wuce mata maƙogwaro. Ta kan taɓa tuwon ta ture kwanon, ta ce ta ƙoshi. Na ƙara daddawa, na ƙara busasshen kifi na Kete Krachi, duk a banza. Cikin ɗan lokaci wuyanta ya fito, zane ya daina zama a ƙugunta. Hankalina ya tashi, ina zuba wa mutane abinci a tasha zuciyata na gida.

Wata rana idona ya faɗa kan farin magi, wannan mai ƙyalli kamar sukari da matan Bawku ke kawowa daga tsallaken iyaka suna ƙulla shi a leda. Dama da shi nake miyar sayarwa. Na ce a raina, ai wannan ba gishiri ba ne, sunansa daban, mai sayar da shi daban. Na zuba mata shi da cokali, ba ɗan barbaɗin da aka saba ba. Na murtsuke dunƙulen magi a kai, na ƙara wani, na jiƙa kanwa sosai don ayoyon ya yi yauƙi. Ranar Mma ta siɗe kwano, ta sa mini albarka, ta ce ashe hannuna na nan. Na ji daɗi har na riƙa ba maƙwabta labari, ina cewa mace mai dabara ba ta rasa yadda za ta bi umarnin likita kuma ta ciyar da tsohuwarta. Wasu ma sun koma gida sun gwada.

Amma kumburin bai saɓe ba, hawa ya yi har gwiwa, numfashinta ya fara sama-sama. Daga nan zama ya ƙare mini. Na koma da ita asibitin, aka tambaye ni gishiri, na rantse da Allah ko ƙwaya ba ta taɓa shiga tukunyarta ba. Aka canza ƙwayoyi. Na ɗauke ta a bayan lori zuwa Salaga wurin mai maganin gargajiya, shi ma ya tambaya, na sake rantsewa. Na zargi ruwan rijiya, na zargi wata maƙwabciya da ba mu jituwa, na zargi ƙwayoyin da cewa jabu ne. Kowa na zarga ban da tukunyar, kuma duk inda muka sauka ledar farin magin nan tana ƙulle a bakin zanena, don kada Mma ta kwana da yunwa a garin mutane.

Ƙanena da ke fataucin albasa a Bawku ne ya ce in kawo ta can. A asibitin can, wata dattijuwar nas ba ta tambaye ni gishiri ba. Cewa ta yi in gaya mata yadda nake wa Mma miya tun daga ɗora ruwa. Na fara bayani da fara'a, irin ta mai jiran yabo. Ina kaiwa kan cokalin da dunƙulen da kanwar sai ta ajiye abin rubutunta. Ta ce mini dunƙulen nan yawancinsa gishiri ne aka matse, kanwa kuma ƴar gida ɗaya ce da shi, shi ma farin yana ɗauke da abin da ake gudu a gishirin, ko da bai kai shi ba. Ta ce jikin mai hawan jini bai san sunayen kasuwa ba. Na zauna a ƙasa a gaban mutane.

Ba ta ce ni na jawo ba. Likita ma cewa ya yi ciwon ya daɗe a jikinta. Matan kasuwa kuwa kowa da nata, wata ta ce farin magi guba ne ai da shi ake fitar da dauɗar tukunya, wata ta ce ita da shi ta raini ƴaƴanta kuma ga su nan garau. Ni har yau ban san iyakar rabona a cikin abin ba, kuma rashin sanin nan ne ke hana ni sukuni. Ba mu bar Bawku ba sai da ɓarin jikin Mma na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi.

Na dawo da ita Yendi na koma mata miya lami ta gaskiya. Ta kan dube ni ta nuna kwanon da hannunta mai lafiya, tana roƙon irin waccan. Na kasa gaya mata dalili, kunya da tsoro suka rufe mini baki. Sai in ce likita ne ya hana, ita kuwa ta san likita ya hana tun da can kuma miyar tana daɗi. Haka za ta juya fuska bango, ni in fita tsakar gida in rasa inda zan sa kaina.

Ƴan uwana mata, musamman masu jinyar tsofaffi, idan aka hana majinyacinku wani abu, kada ku tashi daga gaban likita sai kun lissafa masa duk abin da ke shiga tukunyarku, ko da layi ya kai titi. Kada ƙwarewarku ta hana ku tambaya, ni ita ta hana ni. Kuma idan kun gane kuskure, ku faɗa wa mai shi tun yana ji. Bayan an kai Mma makwancinta, ƙanena ya ja ni gefe ya ba ni saƙon da ta bar masa. Ta ce ta san na gaji da jinya shi ya sa na daina yi mata miya mai daɗi, amma a gaya mini ta yafe.