Shawarwarin da Na Ɗora wa Malama

A da, idan dattijo ya ba da shawara a Yola, sai a ce "to, Bappa," a tashi taro, kowa ya yi abin da zai iya. Yanzu ana rubuta shawara a kwamfuta, a ba ta lamba, ta zauna a buɗe har sai wani ya aikata ta ko ya rufe ta. Ban gane bambancin ba sai da na gajiyar da wata baiwar Allah.

Lokacin da 'yan gudun hijira suka kwararo Yola daga arewacin jihar, wasu 'yan sa-kai sun haɗa wata manhaja ta kyauta. Ana shigar da sunan wanda ya iso, da garinsu, da wanda yake nema, don a haɗa iyalan da suka rabu. Manhajar ba ta kowa ba ce, duk mai iyawa zai iya gyara ta. Amma a gaskiya mutum ɗaya ke riƙe da ita, wata malamar lissafi 'yar kudancin Adamawa da ke zaune a unguwar Damilu. Asabar take aikin, da Lahadi idan an taso daga coci.

Ni furfura da yawo suka ba ni kujerar mai ba da shawara. Na yi aiki a Garwa ta Kamaru da Khartoum, na ɗan zauna a Faransa, ina jin harsuna biyar. Duk Asabar ina zuwa taronmu a Jimeta da takardata cike. A Kamaru na ga ana saka hoto. A Sudan na ga ana haɗawa da taswira. Malama ta rubuta, ta ce, "To, Baba."

Abu ɗaya ta taɓa roƙona: in mayar da kalmomin manhajar zuwa Fulatanci da Hausa, domin matan da ke ɗaukar sunaye a unguwar Yolde Pate ba su karanta Turanci sosai. Na ce an gama. Ban yi ba. Aikin ya yi mini ƙanƙanta.

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a cikinmu, kusan tsarana, da ba ya raga mini. Wata Asabar, kafin Malama ta iso, ya ce, "Alhaji, yau kuma wace ƙasa ka ɗauko mana?"

Na ce, "Kai da ba ka taɓa wuce Numan ba, ai sai ka saurara."

Ya juyo mini da kwamfutarsa. "Ka ga waɗannan jajayen? Duk shawarwarinka ne da ke buɗe. Na kowa Malama tana rufewa, ta ce ba yanzu ba. Naka ba ta iyawa. Ka girmi babanta, Alhaji. Ta yaya za ta rufe maka magana a gaban mutane?"

A Faransa, in ka kawo shawara a taro, nan take a ce kai za ka yi. Na san haka sarai. Duk abubuwan da na kwaso daga waje, wannan ne kaɗai ban taɓa kawo musu ba.

Maganar hoton ce ta ɓata komai. Malama ta yi makonni tana haɗa ta, ashe tsofaffin wayoyin matan Yolde Pate ba su iya ɗauka. Manhajar ta riƙa tsayawa, matan suka koma rubutu a littafi. Sunayen da suka rubuta a lokacin ba su haɗu da na sauran wurare ba. Har yau ban san wa ya rasa nasa a dalilin haka ba.

Na same ta a Damilu tana duba takardun ɗalibai. Na ce, "'Yata, a goge nawa duka."

Ta ce, "Baba, na riga na miƙa aikin ga wasu. Maigidana ya ce yara sun manta kamannina ranar Asabar." Ta yi dariya, ta turo mini ruwa. "Shawarwarinka masu kyau ne fa. Hannu ne babu."

Fassarar da ta roƙa kwana biyu ta ɗauke ni. Na aika, aka saka. Malama ba ta dawo ba. Manhajar tana nan, wasu mutane a ƙasashen waje ke kula da ita yanzu. A duk Adamawa babu sauran mai taɓa ta.