Ban Kwana da Malamar Fiyano

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Philadelphia, ni da maigida da 'yarmu mai shekara goma sha bakwai. Bas ta cika maƙil, wani a bayanmu ya fara minshari tun kafin mu fita gari. Da hantsi muka shiga New York, muka hau jirgin ƙasa zuwa Bronx. Shekara huɗu rabona da titin Grand Concourse, tsohuwar unguwarmu, amma mai shagon da nake sayen manja ya gane ni, ya yi ta tambayar mutanen garinmu Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Mun karya da koko da ƙosai a wurin wata 'yar Kumasi. Farashi ya hau, ƙosan kuwa ya ƙanƙance.

Abin da ya kai mu, wata tsohuwa ce Bafaranshiya da na yi shekara shida ina kula da ita a gidanta. Madam muke ce mata. Tun tana ƙarama take kaɗa fiyano a garinsu Lyon, ta girma tana cika manyan zauruka a Turai, daga baya aure ya kawo ta Amurka ta koma koyarwa. Don ina jin Faransanci ta ɗauke ni aiki. Wata rana na rasa inda zan bar yarinya, na tafi da ita, sai Madam ta kama ta tana taɓa fiyanon. Na taso da faɗa, ita kuwa ta jawo mata kujera. Daga ranar ta zama ɗalibarta.

Yanzu za ta koma Faransa wurin 'yar ƙanwarta, shi ne tsofaffin ɗalibai suka shirya mata taro a wani ƙaramin zaure a Manhattan. Na same ta ta rame, hannun dama ya shanye tun bara. Amma ta dage ba za ta bar garin ba sai ta kaɗa sau ɗaya, ita da hagu, wani ya riƙe mata dama. Cikin ɗalibanta har da masu koyarwa a jami'a, ta tsallake su ta zaɓi 'yata. Wata biyu suka yi suna gwaji ta waya.

Da suka zauna a kujera ɗaya, suka fara kaɗawa. Ana tsakiya kiɗan ya ɓace wa yarinyar, hannunta ya tsaya cak. Madam ko kallonta ba ta yi ba, ta yi ta maimaita wuri ɗaya a hankali har yarinyar ta kamo. Tare suka kai ƙarshe, jama'a suka miƙe tsaye. Maigida, da kullum yake cewa kiɗan nan ciwon kai ne, na gan shi yana share ido, wai mura ce.

Wajen sallama 'yata ta durƙusa tana ba da haƙuri. Madam ta dafa kanta ta ce, "Ni ma na taɓa tsayawa haka a Paris, na tashi na gudu. Ke kin zauna."

Bayan la'asar muka kamo hanya, kafin isha muna gida. Da can ina ganin ni ce mai taimakon matar nan, tunda ni ke mata wanka da girki. A tafiyar nan na gane ta yi mini abin da ya fi haka: ta yi mini rainon 'ya mai iya tuntuɓe a gaban jama'a ta kuma ci gaba. Ranar Laraba jirginta zai tashi. Allah ya kai ta gida lafiya.