Minti Huɗun da Mai Majigi Ya Yanke

Shekara talatin da huɗu Mai Majigi ya yi a ɗan ɗakin da ke saman silima, ɗaki mai taga kamar tafin hannu, ga zafin na'ura ga warin mai. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi: ba a taɓa barin 'yan kallo cikin duhu a hannunsa ba. Duk fim ɗin da aka kawo, sai ya ɗora faifan a benci tukuna, ya bi zaren fim ɗin da yatsu biyu yana ɗaga shi a fitila. In ya ga yagewa ko baƙin wuri, almakashi ne, ya haɗe da salatif. Mutum ne mai saurin hawa, bakinsa kuma ba ya da birki. A wurinsa fim shi ne a san jarumi, a san mugu, a yi ta ta ƙare, kowa ya kama hanyar gida.

To, sai Allah ya haɗa shi da Auta, 'yarsa ta ƙarshe. A ɗakin nan ta girma, tana miƙo masa almakashi. Ta tafi karatun fim, ta dawo da gilashi da wasu abokai masu shafa haɓa kafin su ce uffan. Bayan rasuwar uwarta, wadda ta makance shekara biyu kafin ta cika, Auta ta yi fim nata na farko. Ta ƙi kwamfuta, ta nace sai a zare, don kawai babanta ne zai haska. Kwafi ɗaya ne, nuni ma ɗaya, ranar Asabar da la'asar, a gaban baƙin da za su yanke ko fim ɗin zai fita waje ko ya mutu a kwali.

Da safe ya hau benci yana murna. Murnar ba ta kai faifai na biyu ba. A zaren, ga wata mata na share kogi da tsintsiya. Wani ƙato na guge kifi da dutsen guga, har yana feshin ruwa. Kujera ce ma a zaune a kan mutum! Ya yi tsaki ya fi a ƙirga. Wannan ne karatun? Amma abin da ya tunzura shi shi ne tsakiyar faifai na uku: baƙi ƙirin, babu ko ɗigon hoto, ya auna ya kai minti huɗu. Nan ya zage masu wankin fim tas, 'yan ha'inci, sun ga yarinya sun cuce ta. Ya datse wurin, ya haɗe tsaf, ya cusa baƙin zaren a kwandon shara. Bai gaya mata ba, don kada hankalinta ya tashi.

Aka fara haskawa. Yana leƙe ta taga ransa na ƙuna, domin duk lokacin da kifin nan ya sha guga sai masu shafa haɓa su gyaɗa kai, wai sun gane. Me suka gane? Ƙarya ce wallahi, kowa tsoro yake a ce shi ne daƙiƙi. Da aka zo mahaɗin ya ji daɗin aikinsa, ko ƙyaftawa hoton bai yi ba. Sai ya ga Auta ta juyo daga kujerarta ta ɗago kai tana kallon tagarsa.

Ana kunna fitilu ta hawo bene. Ba ta yi sallama ba.

"Baba, ina minti huɗuna?"

Ya ce gyara ya yi mata, godiya ya kamata ta yi. Daga nan bakin ya ɓalle. Ya ce shi bai haifi mai guge kifi ba, fim ɗin nan zazzaɓi ne aka ɗauka a hoto, uwarta ma da tana gani da ta rufe fuska don kunya. Auta ta bar shi ya gama, idonta jawur.

"A benci ba a jin sauti, Baba. Kai ka koya min."

Ta sauka. Ta taga ya ga baƙin suna miƙa mata hannu irin na sallamar da ba a dawowa.

Ya daɗe yana huci shi kaɗai. Can ya zazzage kwandon, ya zaro zaren daga cikin jiƙaƙƙen ganyen shayi, ya goge da gefen rigarsa, ya ɗora a na'ura yana cewa bari ya ji uban abin da ke cikin duhu. Allo ya yi baƙi. Zauren babu kowa sai kujeru. Sai ƙarar silifas a kan siminti, da tafin hannu yana shafa bango, yana neman ƙofa. Ya san bangon nan, na gidansa ne, shi ya yi masa fenti.

"Baban Auta," in ji muryar matarsa. "Na ji numfashinka. Ka yi magana mana, in san inda kake."

Ba wanda ya amsa mata. Ya tuna ranar. Yana zaune a falon, haushin makantar ya cika shi, ya yi shiru da gangan har ta gaji ta koma ɗaki. Ashe yarinyar nan tana riƙe da rikoda. Sauran minti ukun duk shirunsa ne, ba ta rage ko daƙiƙa ba.

Ya kai wa benci duka har almakashin ya faɗi. Haushin Auta yake ji, da ta binne uwarta tsakanin kifi da tsintsiya. Haushin kansa kuwa ya fi ƙarfin tsaki. Ya kwance salatif ɗinsa, ya mayar da baƙin zaren mazauninsa, bai taɓa haɗi mai kyau irin wannan ba. Sannan ya kira wayarta. Ta yi ta ƙara, yana cewa yana nan, yana nan, ba a ɗauka ba.